Amsoshin Tambayoyinku: Wace Fomata Zan Saka, Kuma Sai Na Biya Kuɗi?

Saƙonnin da suka zo mini a 'yan kwanakin nan kusan duk sun taru a kan abu ɗaya, wato manhajar nan da ke gyara zaman kod da kanta, wadda masu sana'ar ke kira fomata. Aikinta shi ne ta tura layi ciki inda ya dace, ta karya wanda ya yi tsawo, ta daidaita waƙafi da alamomin zance, ba tare da ta taɓa ma'anar abin da aka rubuta ba. Ga waɗanda na zaɓo.

Malam, ni ɗalibi ne, ina koyon JavaScript da Python. Wani ya ce mini idan ina son kod ɗina ya riƙa fita tsaf, sai na sayi lasisin editan JetBrains. Kuɗina kaɗan ne. In saya?

Ƙanena, riƙe kuɗinka. Wanda ya ba ka shawarar ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Edita daban, fomata daban. Edita shi ne wurin da kake rubutu, fomata kuwa ƙaramar manhaja ce mai zaman kanta, edita kiranta kawai yake yi ta zo ta yi aiki ta koma. Kuma duk fomatocin da duniya ta dogara da su kyauta ne: Prettier ga JavaScript da TypeScript da CSS, Black ko Ruff ga Python, clang-format ga C da C++, rustfmt ga Rust, gofmt ga Go. Biyun ƙarshen ma tare da kayan aikin yaren suke zuwa.

Idan editan VS Code kake amfani da shi, ka saka ƙarin Prettier, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da editan, daga kasuwar editan, sannan ka buɗe saiti ka gyara wuri biyu. A `editor.defaultFormatter` ka zaɓi `esbenp.prettier-vscode`, sai ka kunna `editor.formatOnSave`. Daga nan duk sanda ka adana fayil, zai gyaru kafin ka ɗaga ido. Prettier ba ta san Python ba, don haka shi sai ka saka masa nasa ƙarin, na Black ko na Ruff, ka gaya wa editan cewa fayilolin Python wannan ce mai su. Idan da hannu kake so ka kira ta, Shift da Alt da F ne a Windows, Ctrl da Shift da I a Linux.

Ba ina kushe kayan JetBrains ba ne. Suna da ƙarfi sosai wajen bin diddigin kuskure da sauya suna a faɗin babban aiki, kuma akwai ranar da za su ci kuɗinsu. Amma ko a can ɗin, mutane da yawa Prettier da Black ɗin nan na kyauta suke kunnawa. Ka kuma sani cewa kamfanin na ba ɗalibai lasisi kyauta, sannan tun Oktoba 2024 WebStorm, editansu na JavaScript, ya zama kyauta ga wanda ba kasuwanci yake yi da shi ba. Idan kana sha'awa, ta wannan ƙofar za ka gwada.

Zan fara sabon aiki da Python. Black ko Ruff? Kuma gaskiya lambar 88 ɗin nan ta tsawon layi ba ta kwanta mini ba, na saba da 79.

'Yar'uwa, tambayarki biyu ce, bari in fara da ta biyun domin ita ce mai nauyi.

79 ɗin da kika saba da shi daga PEP 8 ya fito, ƙa'idar salon Python da aka rubuta a 2001. Da Łukasz Langa ya fito da Black a 2018, sai ya ɗauki 80 ya ƙara kashi goma cikin ɗari, ya samu 88, bisa hujjar cewa wannan ɗan ƙarin na rage yawan layukan da ake karyawa. Za ki iya mayar da shi 79 da layi guda a cikin fayil ɗin saitin aikin, `pyproject.toml`, babu wanda zai hana ki. Amma shawarata ki bar shi mako biyu tukuna. Abin da na lura da shi a kaina da kuma waɗanda na yi aiki da su shi ne, ƙin salon fomata ciwo ne na kwana kaɗan. Ido yana sabawa, daga baya ma sai mutum ya daina ganin salon gaba ɗaya, ya koma ganin abin da kod ɗin ke yi. Wannan shi ne ribar da ake nema. Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Go, ya taɓa faɗin magana mai kama da haka game da gofmt: salonta ba shi ne zaɓin kowa ba, amma ita kanta kowa na son ta. Gofmt ba ta ba ka zaɓin salo ko ɗaya, tab take sakawa wajen tura layi ciki, ba sarari ba, ko kana so ko ba ka so, kuma saboda haka gardamar tab da sarari ba ta samu wurin zama a tsakanin masu Go ba.

Duk saitin da kika sauya, sai kin kare shi a gaban duk wanda zai shigo aikin nan gaba. Wanda kika bari yadda ya zo kuwa, babu mai tambayarki dalili.

Batun Black da Ruff ya fi sauƙi. Ruff da yaren Rust aka rubuta ta, kamfanin Astral ne ke kula da ita, kuma a Oktoba 2023 ta samu nata sashen gyaran kod wanda aka gina da niyyar ya yi daidai da salon Black. Abin da suke fitarwa kusan ɗaya ne, sai dai Ruff ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma tana haɗa aikin gano kurakurai a manhaja guda. Ga sabon aiki, ni Ruff zan ɗauka. Ga tsohon aikin da ke tafiya lafiya da Black, ban ga dalilin tayar da shi ba. Abu ɗaya da ke ruɗa sababbi: `ruff format` ba ya jera layukan `import`. Wannan aikin `ruff check` ne, idan an kunna ƙa'idar `I` aka haɗa da `--fix`.

Tunda aikin sabo ne, ki saka ta tun kafin fayil na biyu. Tun ran gini tun ran zane.

Mu shida ne a aiki ɗaya. Kowa ya saka Prettier a editansa, amma har yanzu idan na gyara layi ɗaya na adana, sai Git, manhajar da ke riƙe tarihin sauye-sauyen kod, ya nuna na sauya rabin fayil. Gobe wani ya buɗe, ya mayar da shi yadda yake. Mun gaji. Kuma shugaban tawagarmu ya hana a gyara tsohon kod baki ɗaya, wai tarihin zai lalace.

Wannan ita ce tambayar da na fi so in tsaya a kanta, domin na taɓa zama a cikinta. A wani aiki da na yi, mun shafe kwanaki muna zargin juna da ganganci, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ke ɓata masa fayil. Ashe sigar Prettier ce ta bambanta. A Yuli 2023 Prettier 3.0 ta sauya dokar waƙafin ƙarshe, ta koma saka shi har a bayan abu na ƙarshe da ake miƙa wa aikin kod (function) idan jerin ya sauka layi-layi, abin da siga ta 2 ba ta yi sai an umarce ta. Masu sabuwa na sakawa, masu tsohuwa na cirewa, kuma kowannenmu na da gaskiya a kan kwamfutarsa.

Tushen matsalarku shi ne kun ajiye hukuncin a cikin editoci shida. Wurin zamansa ma'ajiyar kod ne, inda kowa ke ɗauka.

Ku saka Prettier a cikin aikin kansa da `npm install --save-dev --save-exact prettier`. Kalmar `--save-exact` ɗin nan ita ce ke ƙulle siga guda ga kowa, kuma masu Prettier da kansu haka suka ce a yi. Ƙarin VS Code yana fara duba ko aikin na da tasa Prettier, idan ya samu da ita yake aiki, sai idan babu ne yake komawa ga wadda ya zo da ita. Sannan ku ajiye fayil ɗin `.prettierrc` a tushen aikin ko da kusan babu komai a ciki, domin kasancewarsa kaɗai na hana saitin editan kowa yin tasiri. Masu Python suna da makamancin wannan: Black na da `required-version`, wanda ke sa ta ƙi aiki idan sigar ba ita aka amince da ita ba.

Idan bayan wannan har yanzu fayil na sauyawa daga sama har ƙasa alhali ido bai ga bambanci ba, ku duba ƙarshen layi. Windows na rufe layi da alamomi biyu, CRLF, Linux da Mac kuwa da guda, LF. Layin `* text=auto eol=lf` a cikin `.gitattributes` na kashe wannan rigimar. Ƙaramin fayil na `.editorconfig` kuma zai gaya wa duk editan da ke goyon bayansa faɗin shigar layi tun mutum na cikin bugawa, ko Vim yake riƙe da shi ko PyCharm.

Kada ku dogara da gyara lokacin adanawa kaɗai. Wata rana wani zai yi gyara daga wata kwamfuta, ko sabon mutum ya shigo bai kunna komai ba. Ku sa `prettier --check .` a cikin gwajin da ke gudana kafin a haɗe aiki, ta yadda kod ɗin da ba a gyara ba ba zai wuce ba. Wanda ke son a tare shi tun da wuri sai ya ƙara husky da lint-staged, ko manhajar pre-commit, su gyara fayilolin da ya taɓa kafin kwamit, wato ajiye sauyi a tarihin Git, ya shiga.

Shugabanku kuwa tsoronsa na da tushe, kada ku raina shi. Idan mutum ɗaya ya gyara dukkan fayiloli, `git blame`, umarnin da ke nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, zai riƙa nuna sunansa a kan layukan da bai san dalilin rubuta su ba, kuma ranar da ake neman asalin wani kuskure wannan babbar asara ce. Amma an yi maganin abin tun 2019, a Git 2.23. Za ku yi gyaran gaba ɗaya a kwamit guda wanda ba a cakuɗa shi da wani sauyi ba ko na harafi ɗaya, ku rubuta lambarsa a fayil mai suna `.git-blame-ignore-revs`, kowa ya nuna wa Git fayil ɗin ta saitin `blame.ignoreRevsFile`. Daga nan Git zai tsallake wannan kwamit ya nuna ainihin marubucin. GitHub ma na karanta fayil ɗin da kansa. Ku zaɓi ranar da rassan da ke buɗe, wato gyare-gyaren da ake yi a gefe ba a haɗe su ba tukuna, ba su da yawa, ku haɗe abin da za a iya haɗewa tukuna, domin duk reshen da ya kwana a waje zai dawo ya tarar da karo. Idan duk da haka bai aminta ba, VS Code na da `editor.formatOnSaveMode`, wanda za a iya sa shi ya gyara layukan da aka taɓa kawai. Hanya ce ta lallaɓawa, ba kowace fomata ke goyon bayanta ba, kuma tana barin fayil rabi sabo rabi tsoho, shi ya sa ba ita ce zaɓina na farko ba.

Na kunna gyara lokacin adanawa, amma ba ya yin komai.

Duba ko ka sa editan ya riƙa adanawa da kansa bayan ɗan jinkiri, wato `afterDelay`. A wannan yanayin VS Code ba ya kiran fomata sai ka danna adanawa da hannunka. Idan ba shi ba ne, wataƙila akwai kuskuren nahawu a fayil ɗin, kamar bakan da aka buɗe ba a rufe ba. Fomata sai ta fahimci kod kafin ta sake jera shi, idan ta kasa sai ta bar shi yadda yake. Tagar `Output` za ta nuna maka layin da ta tsaya.

ESLint na ja mini jan layi a kan abin da Prettier ta gyara yanzu. Wanne zan cire? Kuma ina tsoron wata rana fomata ta ɓata mini kod mai aiki.

Kada ka cire ko ɗaya, raba musu aiki za ka yi, domin ba a sarki biyu a gari ɗaya. Prettier ta riƙe kamanni, ESLint ta riƙe farautar kurakurai irin su sunan da aka ƙirƙira ba a yi amfani da shi ba. Ka saka `eslint-config-prettier` a ƙarshen saitinka, zai kashe duk dokokin ESLint da ke shiga hurumin Prettier. Masu ESLint ɗin ma tun Nuwamba 2023, a siga ta 8.53, suka sanar da janye hannu daga dokokin kamanni.

Game da tsoronka, ɗan'uwa, ka san yadda suke aiki zai kwantar maka da hankali. Fomatoci irin su Prettier da Black ba sa bin rubutu harafi-harafi suna gogewa. Suna karanta kod ɗin su gina bishiyar ma'anarsa, sannan su sake buga shi daga bishiyar. Black ma bayan ta gama tana sake gina bishiyar ta kwatanta da ta farko, idan sun saɓa sai ta ƙi rubuta fayil ɗin, muddin ba ka kashe binciken da `--fast` ba. Inda ya kamata ka yi hattara shi ne wuraren da bai dace ta shiga ba tun farko: fayilolin da wata manhaja ke haifarwa, kod ɗin wasu da ka kwafo cikin aikinka, da jadawalin lambobi da ka jera da hannu don ido ya ga sahu-sahu. Na farko da na biyu ka rubuta su a `.prettierignore`. Na uku ka ɗora masa `// prettier-ignore` a samansa, ko a Python ka kewaye shi da `# fmt: off` da `# fmt: on`. Ranar farko kuma ka yi kwamit kafin ka kunna ta, ka gudanar da gwaje-gwajenka bayan ta gama, sannan ka buɗe `git diff` ka karanta fayil biyu ko uku da idonka.