Jariri ba a ɗaukarsa a faifai ɗaya

Ka tambaye ni wai don me muke wahalar da jariri da hoton ƙashi na X-ray ashirin da wani abu idan ana zargin an ci zalinsa, alhali duk jikinsa zai shige faifai ɗaya. Yaro, da a gabana ka faɗi haka da ka sha faɗa.

Hoton jiki gaba ɗaya ba abin da zai nuna maka sai cewa yaron yana da ƙashi. Abin da muke nema ƙanƙane ne: ɗan ɓantare a kusurwar ƙarshen dogon ƙashi, kusa da gwiwa ko idon sawu, wanda fizga ko girgiza ke jawowa, da karayar haƙarƙari ta baya, dab da ƙashin baya, inda hannun babba ke matsewa. Faɗowa daga gado ba ta cika jawo irin waɗannan ba. Shi ya sa ɗan ƙasa da shekara 2 ake bin sa gaɓa-gaɓa, ƙirji ma sai an ɗauke shi a karkace hagu da dama. Tun 1946 John Caffey, likitan hoton yara a Amurka, ya lura da jarirai masu taruwar jini a ka haɗe da karayar dogayen ƙasusuwa. Saita na'ura da kwantar da yaro kuwa ba zan ɓata bakina ba.

A zamanin fim aka kawo mini wata jaririya da ko zama ba ta fara ba, wai ta faɗo. Na ɗauka, na wanke, na ɗaga a fitila. Ga ɓantare nan a ƙarshen ƙashin ƙaurin hagu, bai kai ƙumbarta girma ba. Haƙarƙari kuwa garau a ido, amma ban yarda da shi ba, don sabuwar karaya a wurin ba ta cika fitowa sai ƙashi ya fara ɗinkewa ya yi tudu. Dalilin da ake maimaita hoto bayan kwana 11 zuwa 14 ke nan. Mutumin da ya kawo ta baki gare shi kamar zuma, godiya yake ta zubawa, ya ce kada mu wahala, shi zai kai wa likita da kansa. Ina ɗakin duhu wani sabon ma'aikaci, irinku masu gaggawar tashi, ya miƙa masa ambulan ɗin hoton. Babu kwafi. Likita bai gan shi ba, ranar maimaici ta zo ta wuce, adireshin da ya bayar ma babu shi. Na rantse na ga karaya, aka ce baki ba shaida ba ne, ina hoton? Aikin da na fi tsaftacewa a shekarar, ɓarawo ya fita da shi ta ƙofar gaba. Har gobe in na tuna yarinyar nan raina ɓaci yake.

Ku yanzu kwamfuta ta ajiye muku komai, sai kuka koma lalaci. Kuna liƙa alamar hagu da dama bayan an gama ɗauka. Sa alamar darma a cikin hoton tun farko, don wata rana lauya ne zai duba shi a kotu. Kuma kada ka harari iyaye: laushin ƙashi na rashin bitamin D da ciwon gautsin ƙashi na gado suna iya ruɗar ido, rarrabe su aikin likita ne. In aka sa ranar dawowa ba su zo ba, a ranar za ka sanar da likitan.