Zan ƙera wa 'yan kayayo abin ɗaukar kaya, wace hanyar bincike zan bi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin ƙira (design) a nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Kundina a kan ƙera abin ɗaukar kaya ne da zai rage wa 'yan kayayo, wato 'yan matan da ke dakon kaya a ka a kasuwar Kejetia, ciwon wuya da baya, har na zana ɗan ƙaramin amalanke mai taya biyu. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na uku, ya ce ban nuna hanyar bincike ba, ban kuma faɗi ra'in da na ɗora aikin a kai ba. Abokan karatu sun ce in raba takardun tambayoyi in huta. Ina mafita? Daga wata ɗaliba a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki gata ya yi miki. Kin zana amalanke tun ba ki tabbatar amalanke ne maganin ba, shi kuwa so yake ki nuna yadda za ki san abin da ba ki sani ba tukuna. Aikin babi na uku ke nan.

Fara da sanin irin binciken da kike yi. A 1993 Christopher Frayling na Royal College of Art da ke Landan ya kasa bincike a fanninmu gida uku: bincike a kan ƙira, kamar tarihin saƙar kente a Bonwire, bincike domin ƙira, wato tara bayanan da za su taimaka a ƙera abu, sai bincike ta hanyar ƙira, inda ƙera abin da gwada shi su ne ke haifar da ilimin. Naki na ukun ne. Rubuta haka ƙarara a farkon babin, domin shi zai ba ki hujjar ɗaukar kowane samfuri da kika ƙera a matsayin kayan bincike.

Batun takardar tambayoyi kuwa, ban ba ki shawara ba. Yawancin 'yan matan nan daga arewacin Ghana suka zo, wasu Dagbani suke ji, wasu Mampruli, da 'yar Hausa da Twi ta kasuwa, kuma da yawansu ba su yi nisa a boko ba. Ko an fassara musu, tambayar "kayan na yi miki nauyi?" amsarta i ce, ba ki ƙaru da komai ba. Je ki zauna a kasuwar. Dubi yadda yarinya ke naɗe tsohon zane ta yi gammo, yadda take durƙusawa wata ta ɗora mata, yadda take karkata kafaɗa ta ratsa lungun da mutum biyu ba sa iya gittawa. Da rana ta take, daron da take ɗaukar kaya a ciki shi ne kujerarta, wani lokaci a ciki take kwantar da goyonta. Amalankenki zai shiga lungun? Zai hau matakala? Da dare a ina za ta ajiye shi, ita da ke kwana cikin cunkoso? Nawa za ta saye shi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan zama da lura hanya ce ta bincike mai cikakken matsayi, a haɗa ta da hira mai zurfi da mutum goma zuwa goma sha biyar, a auna kayan a sikeli, a auna faɗin lunguna da tef.

Ra'i kuma kada ya tsorata ki. Shi ne tunanin da wasu suka riga suka tsara wanda zai gaya miki abin da za ki sa wa ido. Biyu sun ishe ki. Na farko ƙira tare da masu amfani da abin, wadda ta samo asali a Norway da Sweden a shekarun 1970, lokacin da ƙungiyoyin ma'aikata suka nemi a sa bakinsu kan kwamfutocin da ake kawowa wuraren aikinsu. Da shi za ki kare dalilin zama da 'yan kayayo ku gyara samfuri tare. Na biyu na Donald Schön ne, na 1983: gwani yana tunani ne a tsakiyar aiki, ya gwada, aikin ya ba shi amsa, ya sauya. Saboda haka riƙe littafi. Duk samfurin da mai walda na Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda ta Kumasi, ya haɗa miki, rubuta kwanan wata, abin da kika sauya, dalili, da abin da 'yan matan suka ce. Wanda ya karye ma ki ɗauki hotonsa. Masu jarrabawa sun fi neman wannan a kan samfurin ƙarshe mai sheƙi.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai a irin wannan aiki. Awa ɗaya da yarinya ta zauna da ke, kuɗin abincinta ne ya wuce. Sa ladan lokacinsu cikin kasafinki, ki bi ta hannun shugabanninsu, ki nemi izini da harshen da suke ji kafin hoto ko naɗar murya, ki sakaya sunayensu. Za ki tarar da ƙanana waɗanda ba su kai shekara 18 ba; kada ki ɗora musu kaya da sunan gwaji, kuma ki sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ki fara.

Ajiye zanen amalanken tukuna. Yi sati biyu a Kejetia, sannan ki koma wurin malaminki da tambayar bincike guda ɗaya a rubuce, da littafinki a hannu.