Kunyar Ɗan Gudun Hijira da Alkawarin Annabawa

Tambaya: Malam, 'yan bindiga ne suka tashe mu daga ƙauyenmu, yanzu ina zaune a gidan ƙanena a Sabon Gari, nan Kano. Ni da nake ci da iyali daga rumbuna, yau sai an auno mini a kwano, kunya har ta hana ni zuwa sujada. Shin ina da rabo a alkawaran da annabawa suka yi wa Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila?
Daga wani dattijo, Sabon Gari.

Amsa: Baba, Allah ya sanyaya muku zuciya. Mutanen da aka yi wa waɗannan alkawarai sun ɗanɗani kunya irin taku. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe Sarki Yekoniya na Yahuza, ƙasar Yahudawa, da manyan gari da maƙera zuwa Babila, bayan kimanin shekara 10 kuma rundunarsa ta ƙone Haikali, ta rushe garun Urushalima, aka yanka 'ya'yan Sarki Zadakiya a gabansa sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Abin da ya fi ci musu rai shi ne gori, domin maƙwabta suna cewa Allahnsu ya kasa tsare su, waɗanda suka kama su kuma suna neman su rera musu waƙoƙin Sihiyona, wato Urushalima, kamar yadda Zabura ta 137 ta nuna.

Sai dai akwai bambancin da ya wajaba in faɗa. Annabawa sun danganta zaman bautar mutanen Yahuza a Babila da zunubin al'ummar, ku kuwa zalunci aka yi muku, saboda haka kada ku ɗora wa kanku laifin da ba naku ba. Abin da za ku riƙe shi ne halin Ubangiji da ya bayyana a wurin. A Ishaya 54 ya kwatanta Urushalima da matar da aka yasar, ya ce mata kada ta ji tsoro, za ta manta da kunyar ƙuruciyarta, ba za ta ƙara tuna gorin takabarta ba. A Ezekiyel 36 kuma ya ce saboda sunansa mai tsarki zai komo da su, ba don cancantarsu ba, wato wanda hannunsa ba kome ba a fitar da shi daga lissafi ba.

Maganar tsaro ce ta fi taɓa ni, ganin halin da ƙauyukanmu suke ciki. Ezekiyel 34 ya ce za su zauna lafiya a jeji, su yi barci a kurmi, ba mai razana su.

Amma ba dare ɗaya alkawaran suka cika ba. Irmiya ya aika musu da wasiƙa cewa zaman zai kai shekara 70, su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, su roƙa wa birnin da suke ciki zaman lafiya. Ina ganin wannan ne sashen da ya fi dacewa da ku a yau: ku koma cikin jama'ar ikilisiya, ku nemi ɗan abin yi a Kano, ko da a bakin kasuwa ne. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba su izinin komawa, duk da haka da aka aza harsashin sabon Haikali tsofaffin da suka san na farko kuka suka yi, garun birnin kuwa sai a zamanin Nehemiya, wajen 445, aka sake gina shi, ma'aikata suna aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da makami.