Simintin haƙori mai araha daga Dubai: in zuba jarina ko in haƙura?

Wani ɗan kasuwa a nan birnin Kano ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina sayar da ƙananan kayan asibiti, irin su safar hannu da auduga da takunkumin fuska. Cikin masu saye a wurina akwai likitocin haƙori biyar. Wani dillali ya kawo mini tayin simintin da ake manna hular haƙori da shi, irin na rezin, wato wani nau'in roba, sirinji 120, kowanne naira 45,000, ya ce daga Dubai ya shigo da shi. A gari ana sayar da irinsa wajen naira 70,000. Sai dai saura wata takwas ya daina aiki. Duk jarin da nake juyawa bai wuce miliyan bakwai ba. In saya?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi 120 ɗin nan. Kayan yana da kasuwa, kuma ina so ka shiga harkarsa, amma ba ta wannan ƙofar ba.

Mu fara da alƙaluman da ka ba ni. Sirinji 120 a kan 45,000 ya kama naira miliyan 5 da dubu 400, wato fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da kake juyawa. Kafin uwar kuɗinka ta dawo, sai ka sayar da guda 78 a kan 70,000. Wata takwas ɗin da aka ce ya rage ba takwas ba ne a wurinka, domin babu likitan da zai karɓi simintin da saura wata biyu ya lalace, alhali sirinji ɗaya yana iya yin makonni a hannunsa. Ka ƙaddara wata shida gare ka. Ke nan sai ka riƙa fitar da 13 duk wata kafin ka tsira da jarinka, ba a ma zo maganar riba ba. Likitocinka biyar ne. A ce kowannensu yana ɗaukar biyu a wata, wanda na san da wuya, guda 60 ka sayar, kuɗinsu miliyan 4 da dubu 200. Ka yi asarar miliyan 1 da dubu 200, ga rabin kayan a ajiye ba ka da inda za ka kai shi.

Dalilin da ya sa ba ya gudu kamar safar hannu a fili yake. Yawancin mutanenmu ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci, kuma abin da ake yi musu cirewa ne ko ciko. Masu zuwa don gyaran murmushi, a rufe tabon haƙori ko a daidaita wanda ya ɓantare, suna ƙaruwa, amma har yanzu tsiraru ne, kuma a ɗakunan shan magani masu zaman kansu suka fi taruwa. Sirinjin kansa giram 5 zuwa 9 yake ɗauka, abin da hula ɗaya ke ci kuwa ɗan kaɗan ne.

Akwai wani abin da ya fi lissafin damuna: ba ka faɗa mini wane irin siminti ba ne, kuma ina zaton dillalin ma bai faɗa maka ba. A nan ne masu shigowa harkar suke faɗuwa, don haka bari in ɗan tsaya.

Adon haƙori ba baƙon abu ba ne a Kano. Kowa ya san haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi. Irin wannan hula ta ƙarfe ko ta zinare lulluɓe haƙori take yi, siffarta ce ke riƙe ta, siminti cike giɓi kawai yake yi. Shi ya sa tsohon siminti irin zinki fosfet, wanda ake amfani da shi tun ƙarni na 19, yake wadatarwa, haka ma gilas ayonoma da Wilson da Kent suka fito da shi a Ingila a farkon shekarun 1970. Aikin ado na zamani daban ne. Ka ɗauki siririn ɓawon tangaran da ake liƙawa a fuskar haƙoran gaba, wanda likitoci ke kira biniya. Kaurinsa bai cika wuce rabin milimita ba, kamar farce, kuma bai zagaye haƙori ba. Babu abin da ke riƙe shi sai mannewa. Idan simintin ya gaza, ɓawon faɗowa zai yi, wataƙila a tsakiyar cin abinci, wataƙila a bakin amarya ana saura kwana uku biki.

Wannan mannewar ta samo asali ne daga aikin wani likita a Amurka, Michael Buonocore, wanda ya nuna a 1955 cewa idan aka shafa asid a fuskar haƙori, roba tana kama shi da ƙarfi. Har yau asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin ɗari ake shafawa. Ɓangaren hular ma sai an shirya shi, kuma shirin ya danganta da abin da aka yi ta da shi. Tangaran mai gilashi, irin IPS e.max na kamfanin Ivoclar, ana cinye cikinsa da asid ɗin haidirofulorik sannan a shafa masa silen, sinadarin da ke sa siminti ya kama shi. Zirkoniya kuwa, farar hular nan mai tauri da ake yayi yanzu, wannan asid ba ya cin ta. Sai an fesa mata ƙananan ƙwayoyin yashi na musamman, sannan a yi amfani da siminti ko ruwan shafi mai sinadarin MDP, wanda kamfanin Kuraray na Japan ya ƙirƙiro a 1981, aka gina simintin Panavia a kansa. A 2002 kuma kamfanin 3M ESPE ya fito da RelyX Unicem, wanda ke mannewa da kansa ba tare da an bi matakai da yawa ba, kuma irinsa ne likita mai cunkoson marasa lafiya ya fi so don hula. Amma ba shi ake zaɓa wa biniya ba. Ita an fi son simintin da hasken fitilar likita kaɗai ke daskarar da shi, saboda yana ba likita lokacin daidaita zama, kuma launinsa ya fi daɗewa bai sauya ba. Hula mai kauri wadda haske ba ya ratsawa sai mai daskarewa ta hanya biyu, da fitila da kuma haɗuwar sinadaran kansu. Bayan duk wannan ga maganar launi: akwai garai-garai, akwai fari, akwai mai ɗan rawaya.

Ka ga ke nan katan ɗaya na iri ɗaya da launi ɗaya buƙata ɗaya kawai yake biya. Wanda yake da sirinji 20 na iri huɗu ya fi mai 120 na iri ɗaya samun ciniki.

Sai maganar zafi, wadda a garinmu ba ƙarama ba ce. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Kano yakan haura digiri 40, cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Wasu kamfanonin suna rubuta a ajiye simintinsu a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, wasu kuma suna yarda da zafin ɗaki da bai wuce wajen 25 ba. Zafi yana kashe sinadarin da ke sa siminti ya daskare, kuma sau da yawa ido ba ya ganin alamar hakan. Ranar da aka buga a jikin kwali tana aiki ne idan an ajiye kayan yadda aka ce. Simintin rezin yakan fito daga masana'anta da wa'adin wajen shekara biyu, wasu har uku. Wanda saura wata takwas gare shi ya shafe fiye da shekara yana yawo. A ina ya zauna? A sito mai sanyi, ko a bayan mota daga Legas? Na taɓa ganin wani abokin harka da ya karɓi irin wannan kaya, likita ya manna huloli da shi, cikin ɗan lokaci suka fara kwancewa. Likitan ya sake aikin kyauta, kuma daga ranar ko auduga bai ƙara saye a shagon ba. Araha ba ta ado, a wannan kaya ma har da ma'anarta ta zahiri.

Idan za ka shiga harkar, kuɗin farko da za ka kashe a kan ƙaramin firji ne mai aiki da sola, da ma'aunin zafi a ciki, domin ba za ka dogara da wutar gari ba. Idan za ka riƙa ajiye asid ɗin haidirofulorik, ka kulle shi, ka ja kunnen yaranka na shago: ƙunarsa tana ratsa fata zuwa ciki, kuma ba lallai a ji zafinta nan take ba.

Asalin kaya ma sai ka bi diddigi. Kalmar "daga Dubai" ba shaida ba ce, domin ana yin jabun manyan sunaye. Ka nemi rasidin inda aka sayo, ka duba ko lambar rukuni da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin sirinji, ka tambayi wakilin kamfanin a Najeriya ko ya san lambar. Hukumar NAFDAC ce ke kula da rajistar kayan aikin asibiti. Kai ɗan Kano ne, ka ga yadda aka rufe shagunan 'yan magani a Sabon Gari a 2024 aka ce su koma Dangwauro. Kada ka bari mafi yawan jarinka ya kwana a kayan da ba ka da takardarsa.

Ga yadda nake ganin ya kamata ka yi. Ka zagaya wurin likitocinka biyar da littafi a hannu. Ka tambayi kowanne wane siminti yake amfani da shi, wane launi, sirinji yana yi masa wata nawa, kuma a ina yake samowa yanzu. Ka leƙa wurin masu ƙera huloli a ɗakunan aikinsu, domin su suka san ko zirkoniya ce ta fi fita ko tangaran mai gilashi. Ka kuma tuna akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, ga tsangayar koyon likitancin haƙori a Jami'ar Bayero. Ɗaliban da ke can yau su ne masu buɗe ɗakunan shan magani gobe, sai dai manyan asibitoci suna da ƙa'idar sayen kaya da jiran biya, jarinka bai kai ka fara da su ba. Da abin da ka tattaro, ka ware abin da bai wuce miliyan ɗaya ba, ka sayo kaɗan-kaɗan daga wakili na halal, wanda ya rage masa aƙalla wata 18. Ka haɗa da abokan tafiyarsa: asid ɗin fosforik, silen, ruwan shafin zirkoniya, bakin gaurayawa da ake jefarwa bayan kowane aiki, da gilas ayonoma irin Fuji I na kamfanin GC. Waɗannan ƙananan suna ƙarewa da sauri, su za su riƙa dawo maka da likita, kuma shi likita ya fi son ya kira mutum ɗaya a kawo masa komai kafin mara lafiya ya tashi daga kujera.

Farashi kuma ka riƙa yanke shi da kuɗin da za ka sake sayo kayan yau, kada ka tsaya kan abin da ka biya jiya. Kayan nan duk daga waje yake. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma 'yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya suna murnar riba, da suka je Wapa canji suka tarar kuɗin ba zai dawo da rabin katan ba. Bashi ma za a nema, domin likita yakan jira mara lafiya ya gama biya. Ka sa iyaka: mako biyu, a rubuce, kuma ba a ɗaukar sabo sai an biya tsoho.

Shi kuwa dillalin, kada ku rabu baram-baram. Ka ce ya kawo takardun kayan da sirinji ɗaya, ka kai wa likitan da ka fi amincewa da shi ya matsa kaɗan a kan takarda, ya haska rabi da fitila, idan mai daskarewa ta hanya biyu ne ya rufe rabi a duhu, ya ga ko duka sun daskare a lokacin da kamfanin ya rubuta. Idan takardu sun cika, gwaji ya yi kyau, kuma irin da likitocinka ke amfani da shi ne, ka karɓi guda 10 bisa sharaɗin abin da ya fita ka biya, abin da ya rage bayan wata uku ya zo ya kwashe. Idan ya ƙi wannan sharaɗin, ka gode masa ka bar shi ya nemi wani.