Shin binciken gandun daji ya tsaya ne kan ƙidayar baƙi?

Tambaya: Malam, na kammala digiri na biyu a fannin yawon buɗe ido, ina kuma shirin yin na digirgir kan kula da gandun daji da wuraren shaƙatawa. Wani mai ba da shawara ya ce muddin ina son bincikena ya yi daraja, sai in lissafo adadin baƙin da gandu zai iya ɗauka a rana ba tare da ya lalace ba. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron in ƙarar da shekaru a kan abin da ba zai tsinana mini komai ba.

Amsa: Ɗan'uwa, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya. Fannin kansa ba abin tsoro ba ne, domin jami'o'i da hukumomin gandun daji suna neman wanda ya iya haɗa awon muhalli da nazarin halayyar mutane. Shawarar da aka ba ka ce abin gudu.

Wannan tunani na cewa kowane gandu yana da wani adadi guda da za a gano da lissafi, aro shi aka yi daga masu kula da filayen kiwo, waɗanda ke auna yawan dabbobin da fili zai ciyar. Tun a 1964 J. Alan Wagar, wani masanin gandun daji ɗan Amurka, ya nuna cewa batun ya dogara ne da abin da ake son wurin ya kasance, wato hukunci ne na mutane. Binciken da aka yi kan tattake ciyayi da wuraren kafa tanti ya kuma tabbatar da cewa mafi yawan ɓarnar tana aukuwa ne tun baƙi ba su da yawa, bayan haka ƙarin mutane kan ƙara kaɗan kawai. Saboda haka rage baƙi da rabi ba ya rage ɓarna da rabi. Shi ya sa a 1985 George Stankey da abokan aikinsa a Hukumar Dazuzzuka ta Amurka suka sauya tambayar zuwa wannan: wane irin canji za a lamunta, da me za a auna shi, kuma wane mataki za a ɗauka idan aka ƙetare iyaka?

Abin takaici, har yau akwai masu kiran kansu ƙwararru da ke raba faɗin fili da murabba'in mitocin da suka ƙaga wa kowane baƙo, su miƙa wa hukuma lamba guda, su karɓi kuɗinsu. Jami'ai kuwa suna son lambar saboda tana da sauƙin sa hannu, sai a daina sa ido alhali ƙasa tana zaizayewa.

Ba ina nufin taƙaita baƙi ba shi da amfani ba. A Ruwanda mutum takwas kaɗai ke ziyartar kowane garke na goggon biri a rana, na awa ɗaya, amma dalilin a fili yake: gudun yaɗa musu cuta da takura musu. A gaɓar Maya, wani wurin shaƙatawa na bakin teku da ke Tailan, wadda aka rufe a 2018 aka sake buɗewa a 2022, sai da aka hana jiragen ruwa shiga mashigin, domin su ne ke ragargaza murjanin da ke ƙarƙashin ruwa.

Ka zaɓi wuri guda da alamu biyu ko uku da za ka iya aunawa a kai a kai, kamar faɗaɗar hanyoyin ƙafa, ingancin ruwa, ko rabon kuɗin shiga ga mazauna kewaye, sa'an nan ka nemi malamin da zai duba aikin bincikenka wanda ya taɓa yin awo a daji da kansa.