Ku Tambayi Gwaggo: Kuɗin Taimakon Yara Masu Tamowa

Tun da damina ta kankama, wasiƙun da ke shigo mini suka karkata kan magana ɗaya. Lokacin ne dama: rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kayar da yara. Daga Yuni zuwa Satumba cibiyoyin kula da masu tamowa kan cika har a kwantar da yara biyu a gado ɗaya. Na zaɓo guda shida.

Gwaggo, zakkata ta fita bana. Ya halatta in ba da ita don yara masu tamowa? (Wani ɗan kasuwa daga Gusau)

Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, fakirai da miskinai ne a sahun farko, kuma gidan da yunwa ta ramar da ɗansa yana cikinsu. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne hanya. In ta hannun ƙungiya za ka bi, ka tambaye su ko suna ware kuɗin zakka daban da kuɗin man mota da hayar ofis. In suka fara kame-kame, ka miƙa wa iyayen yaran hannu da hannu. Sauran bayanin hukunci ka zauna da malaminku.

Za mu yi gangamin tara kuɗi. Riguna da huluna masu tambari za mu buga, ko babban allo da mai ɗaukar bidiyo? Wanne ya fi jan hankali? (Wani matashi daga Zariya)

Ɗana, babu ko ɗaya. Ka je wurin mai buga riguna ka ji kuɗin guda hamsin, sannan ka shiga kasuwar Sabon Gari ka ji tiya nawa na gero da waken suya kuɗin zai saya. In ka gama lissafin ka sake rubuto mini. Wayar da ke aljihunka ta isa ɗaukar hoton rasidi, kuma rasidi ne masu ba da kuɗi suke son gani.

Mu tsofaffin ɗalibai ne, mun tara naira dubu 600 a zaurenmu na WhatsApp. Wani ya ce zai samo mana katan-katan na madarar tamowa, wadda ake ce wa RUTF, a kasuwa da sauƙin kuɗi, mu raba a ƙauyenmu. Mu saya? (Sakataren ƙungiya, daga Katsina)

Kada ku saya. Ko da rabin kuɗi ya bar muku, kada ku saya. Ka yi haƙuri zan tsawaita a nan, domin wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ka fara sanin abin da ake tallata muku. Wannan 'yar leda da wasu ke kira madarar kwamaso magani ce. Tunkuzar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, nauyinta giram 92, ƙarfin abincin da ke cikinta kalori 500. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996 da sunan Plumpy'Nut, kuma a nan maƙwabta ta nuna amfaninta: a yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60, akasarinsu a yankin Maraɗi, yawancinsu kuma a gidajen iyayensu suka warke ba tare da an kwantar da su ba. Katan ɗaya leda 150 ne, kuma kusan shi ne abin da yaro ɗaya ke buƙata a mako shida zuwa takwas kafin ya miƙe. UNICEF ce ke sayen mafi yawan wanda ake yi a duniya, ita da gwamnatocin jihohi suke kai shi asibitoci, a ba wa uwa kyauta.

To, kayan da ake bayarwa kyauta, yaya aka yi ya zo rumfar kasuwa? Hanya biyu ce. Ko dai wani marar tsoron Allah ya zare shi daga ɗakin ajiya, ko kuma wata uwa da talauci ya kai bango ta sayar da rabon ɗanta don ta auno masara ta ciyar da sauran. Ta kowace hanya ya biyo, daga bakin wani yaro aka fizge shi. Duk katan ɗin da kuka saya, ku ɗauka akwai yaro guda da uwarsa ta yi sammako ta je cibiya aka ce mata kaya ya ƙare. Kuma kuɗinku ne zai ƙarfafa wa mai zarewar gwiwa ya koma ya ƙara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Da idona na gani a wata tashar mota, ina jiran mota ta cika. Mai shayi ya yanka burodi, ya ciro ledar nan daga ƙarƙashin tebur, ya yage bakinta da haƙori ya matse a ciki kamar bota, ya miƙa wa wani ƙato mai ƙasumba. Na ce masa, "Malam, ka san na yara marasa lafiya ne?" Ya ce, "Hajiya, ai kowa ma sha yake, yana sa ƙiba." Na kasa ƙarasa shayina. A makon nan na je duba jikar wata ƙawata a cibiyar tamowa, na ga yarinya 'yar wata goma sha takwas wadda damtsenta bai fi babban yatsana biyu ba, fatar cinyarta ta yi laushi ta zubo kamar tsohon wando. Wannan yarinya ake kwashe wa abinci a shafa a burodi.

Ko da a ce kayan na halal ne, rabon da kuke shirin yi yana da haɗari. Ba ku san inda aka ajiye shi ba, ko ya sha rana, ko wa'adinsa ya wuce an goge kwanan wata. Sannan ba a ba da shi da ka. Ana auna nauyin yaro a ƙayyade masa leda nawa zai sha a rana, ana gwada shi a gani ko yana iya ci, ana haɗa masa da maganin ƙwayoyin cuta, ana duba shi duk mako. Yaron da ya kumbura sosai ko ya daina karɓar abinci, kwantar da shi ake yi a fara masa da wata madara mai sauƙi da ake kira F-75, domin cikinsa ba zai ɗauki mai nauyi ba. Ku ɗura wa irin wannan yaro abinci mai ƙarfi da kyakkyawar niyya, ku jawo abin da ba ku so.

Ga abin da zan yi da dubu 600 in ni ce. Ku tura mutum biyu wurin jami'in kula da abinci mai gina jiki na ƙaramar hukumarku, ko shugaban asibitin da ake raba maganin, ku tambaye su abin da ke hana iyaye mata dawowa. Za ku ji cewa kuɗin mota ne. Uwa ta zo makon farko, ta zo na biyu, na uku babu kuɗin acaɓa, sai yaro ya koma gidan jiya. Ku ɗauki nauyin zuwa da dawowar mata ashirin ko talatin har a sallami 'ya'yansu. Abin da ya saura ku sayi hatsi ku ba gidajen nan, saboda uwa mai 'ya'ya biyar ba za ta iya kallon huɗu suna kuka tana ba ɗaya leda ba, rabawa za ta yi, kuma ba na ganin laifinta. Ku ƙara da sabulu da gidan sauro.

In kuna son abin da zai ɗore, ku koya wa mata haɗa garin kunun nan da ake kira Tom Brown: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Ku tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta tana lalata hanta. Waken suya kuma ya soyu sosai. Wannan na yaran da suka fara ramewa ne da masu murmurewa, ba ya maye gurbin magani. In kuwa kun dage sai RUTF, akwai masana'antun da ke yin sa a Kano da Legas da Yamai. Ku saya daga can da rasidi, ku kai asibiti a rubuta a littafin ajiya a gaban shaidunku.

Na ga hoton wani yaro a Facebook, duk haƙarƙarinsa a waje, an sa lambar asusu. Tun jiya hankalina bai kwanta ba. In tura? (Wata malamar makaranta daga Bauci)

Ƙanwata, tausayinki alheri ne, Allah Ya bar ki da shi. Amma ki dakata. Hoto ɗaya kan yi shekaru yana yawo, yau a ce yaron na Zamfara ne, gobe na Yobe, lambar asusu ce kawai ke canjawa. Ki tambayi sunan asibiti da ɗakin da yake kwance, ki sa wani da kika sani a garin ya leƙa. Gani ya kori ji. In ƙungiya ce, ki nemi lambar rajistarta ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma asusun ya zama da sunan ƙungiyar. Wanda ya ce miki "ki tura yanzu-yanzu, babu lokacin tambaya", ki rufe wayarki. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Ina aiki a Ingila. In ba manyan ƙungiyoyi, ko in aika wa yayana ya raba a gida? (Wani ma'aikacin jinya)

Ka raba biyu. Maganin tamowa mai tsanani sai masu sito da likitoci, kuma tun da Amurka ta zaftare tallafinta a 2025 giɓin ya yi faɗi. MSF ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, da yawansu saboda an kawo su a makare. Irin su MSF da UNICEF suna fitar da rahoton kuɗinsu duk shekara, ka karanta kafin ka bayar. Rabin da za ka aika gida kuma, ka faɗa wa Yaya sunayen gidajen da adadin tiyoyin, kada ka ce "a raba wa mabuƙata" kawai. Ba zarginsa nake ba. Shi ma yana da surukai da maƙwabta da za su tsaya masa a ƙofa, jerin sunaye daga gare ka zai sauƙaƙa masa cewa a'a.

Gwaggo, ɗana wata 14, tun da ya yi gudawa yake ramewa, gashinsa ya yi ja. Kishiyata ta ce shan ciki ya yi, in yaye shi. Ina da dubu 8 na adashi. Madarar gwangwani zan saya ko ledar tamowa wurin maƙwabciya? Kunya nake ji in kai shi asibiti a ce ba na ciyar da shi. (Wata uwa daga Haɗeja)

'Yata, share hawayenki. Uwar da ta fasa adashinta don ɗanta ba ta gaza ba, kuma babu ma'aikaciyar kirki da za ta yi miki gori. Gudawa da ƙyanda da zazzaɓi suna ramar da yaro ko a gidan da ake sauke tukunya sau uku.

Kada ki yaye shi. Ko da ciki gare ki, nononki bai lalace ba, ki ci gaba da ba shi. Kada ki sayi madarar gwangwani, dubu takwas ba za ta kai ki ko'ina ba, za ki yi ta tsinka ta da ruwa gudawar ta dawo. Ledar maƙwabciya ma ki bar ta, kin ji dalilina a sama.

Yau da daddare ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku ki ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburi ne, gobe da asuba ki kama hanya. In bai lotsa ba ma ki je goben, kada ki jira ranar kasuwa. Za su naɗa masa wani ɗan tef mai launi uku a damtse. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, za a sa shi a shirin magani, kuma kyauta ne, kada ki ba kowa ko sisi. In ruwan ɗorawa ne za su nuna miki yadda za ki ƙara masa abinci. Ki tafi da katin rigakafinsa.

Kuɗinki ki cire na mota, sauran ki sayi ƙwai da gyaɗa da ɗan manja, ki riƙa dama masa kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, ki barbaɗa garin zogale, kaɗan-kaɗan sau biyar a rana. Ki ba shi a kwanonsa shi kaɗai, ki zauna kusa da shi har ya gama. In maigidan ya yi gardamar zuwa asibiti, ki kai maganar wurin surukarki ko matar liman su yi masa magana. Ki rubuto mini bayan mako biyu in ji nauyinsa.