Tambaya da Amsa: Ina Yaro Zai Zauna Daga Tashin Boko Zuwa La'asar?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birnin Kebbi, maigidana kuma yana kasuwa sai Magariba. Yarana biyu, ɗan shekara 7 da 'yar shekara 10, suna tashi daga boko ƙarfe 1:30, ni kuwa sau da yawa sai ƙarfe 4 nake barin aiki. Makarantarsu ta ce in ƙara kuɗi su riƙa tsayawa lesin. Akwai amfani, ko wahalar da su kawai zan yi?

Amsa: Hajiya, akwai amfani, kuma na farkonsa ba ma na karatu ba ne. Awa biyu da rabin nan su ne lokacin da yaro ke kunna risho shi kaɗai, ko ya bi abokai wanka a kududdufi da damina. Idan kin san inda suke da hannun da suke ciki, ke ma hankalinki zai kwanta a bakin aiki.

Amma kada ki biya tukuna. Ki je wurin wajen ƙarfe 2:30 ba tare da kin sanar ba. Ki ƙirga kawuna: idan malami ɗaya na riƙe da yara fiye da 25, wannan gadi ne, ba koyarwa ba. Ki duba randa ko akwai ruwa, ki leƙa ban-ɗaki, ki tambaya ko ana rubuta sunan wanda ya zo ɗaukar yaro. Ki ba su sunan ɗan kabu-kabu guda ɗaya da lambarsa, ki ce ko wa ya zo in ba shi ba, a kira ki.

Tsari mai kyau shi ne minti 30 na abinci da sallar Azahar, minti 40 na aikin gida da karatu da babbar murya, saura kuma wasa a inuwa. Wasan ba ɓata lokaci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son yaro ya motsa jiki minti 60 kullum. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ki haɗa kowannensu da gorar ruwa ta lita ɗaya da abinci a kula, irin dafa-duka. Kunun da aka dama da asuba kafin Azahar ya yi tsami.

Inda iyaye ke kuskure shi ne jera wa yaro zama uku: boko, lesin, sai Islamiyya bayan La'asar. Ɗan shekara 7 ba zai ɗauka ba, gyangyaɗi zai yi a gaban malamin hadda a yi ta zane shi a banza. Ki roƙi a bar ƙaramin ya miƙe a tabarma bayan ya gama aikin gida, a ajiye darasi mai nauyi sai Alhamis, tunda yawancin Islamiyyu ba sa zama ranar. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12.

Tambaya: Shekara guda ina biya wa ɗana lesin a Ƙaura Namoda. Yana aji 4, littafinsa cike da maki, amma ko rubutun jikin shago ba ya iya karantawa. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, alama ce ta cewa kwafa yake yi daga allo, wataƙila ma malamin ne ke yi musu aikin gida don a ga jan biro. Ka gwada shi da kanka. Rubuta haruffa goma a warwatse, sai kalmomi biyar masu sauƙi kamar tasa, gida, rogo, sai jimloli huɗu gajeru, sai ɗan labari. Inda ya cije, nan ne matakinsa. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita: a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa aji ba.

Ka kai wa malamin takardar, ka ce daga nan za a fara, da Hausa, baƙi da wasali: ba, be, bi, bo, bu. Bayan mako shida ka sake gwaji da wasu kalmomin daban. Idan bai gusa ba, ka canza wuri. Idan kuma yana manna fuska a takarda ko sai an maimaita masa magana, a kai shi a duba idonsa da kunnensa.

Tambaya: 'Yata tana aji biyar na sakandare a Argungu. Da yamma in sa ta koyon ɗinki ko kwamfuta?

Amsa: Baba, idan tana son wucewa jami'a, a fara da kwamfuta, domin tun 2015 jarrabawar JAMB a kanta ake yi. Ka tabbatar za ta zauna gaban na'urar da hannunta aƙalla minti 30 a kowane zuwa, ba su biyar a kan guda ɗaya suna kallo ba. Ɗinkin ya jira dogon hutu, a wurin tela mace da kuka sani, ta kuma riƙa dawowa gida kafin kiran Magariba.